Mdou Moctar: daga situdiyon Sakkwato zuwa dandamalin duniya

A yau idan ana lissafin makaɗan jita da suka yi fice a duniya, da wuya a tsallake sunan Mahamadou Souleymane, ɗan jamhuriyar Nijar wanda aka fi sani da Mdou Moctar. Jaridun Amurka da na Turai sun sha yabon yadda yake sarrafa jita da hannun hagu, yana waƙa da harshen Tamashek. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, kundin waƙoƙinsa na farko a Sakkwato aka naɗe shi, da irin salon waƙoƙin finafinan Hausa, kuma wayoyin salula ne suka kai shi inda rediyo da talabijin ba su kai shi ba.

Tarihinsa na nuna yadda mawaƙi mai zaman kansa a yankin Sahel ke iya samun hanya ba tare da wani babban kamfani ya ɗauki nauyinsa tun farko ba, da kuma irin wahalar da ke tattare da hakan.

Jitar wayar birkin keke

An haifi Mdou Moctar a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Azawak da ke jihar Tawa. Ya tashi a gidan da ke riƙe da addini sosai, kuma iyayensa ba su ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar da ta dace da ɗansu ba. Ganin ba mai saya masa jita, sai ya haɗa tasa da kansa, da katako da wayoyin birkin keke a madadin tsirkiya. A kanta ya koya, a ɓoye, ba malami.

Wanda ya fara jan hankalinsa shi ne marigayi Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar, wanda ya rasu a shekarar 2020. A zamanin tawayen shekarun 1990, kaset-kaset ɗin Oumbadougou na yawo daga hannu zuwa hannu a arewacin ƙasar, kamar yadda na ƙungiyar Tinariwen ke yawo a Mali. Wannan salo, da ake kira assouf, waƙoƙi ne na kewar gida da gudun hijira da kiran haɗin kai. A gefe guda kuma akwai takamba, kiɗan rawa na gargajiya da ake yi da molo da ƙwarya, wanda amonsa ke fitowa ƙarara a yadda Mdou ke maimaita kiɗa yana ƙara masa sauri.

Kamar matasa da yawa na yankinsa, ya yi tafiyar ci-rani zuwa Libiya kafin ya dawo gida ya duƙufa a kan kiɗa. Wuraren biki, musamman na aure, su ne suka zama makarantarsa kuma su ne kasuwarsa.

Abin da ya ɗauko daga Sakkwato

A shekarar 2008 ya ƙetara iyaka zuwa Sakkwato domin naɗar waƙoƙinsa. A lokacin, ƙananan situdiyo sun yawaita a biranen arewacin Najeriya saboda bunƙasar finafinan Hausa, kuma ana iya haɗa waƙa da kuɗi kaɗan: fiyano mai ɗauke da amon ganguna, kwamfuta guda, da manhajar Auto-Tune mai lanƙwasa murya ta riƙa fita kamar ta na'ura. Masu sauraro a Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas sun riga sun saba da wannan amo ta hanyar waƙoƙin Kannywood.

Kundin da ya fito daga wannan aiki, mai suna Anar, ya haɗa abubuwa biyu da ba a saba jin su tare ba: waƙoƙin soyayya da jita cikin harshen Tamashek, da kuma murya da ganguna irin na waƙoƙin zamani na Hausa. Ba a buga shi a faifai don sayarwa a shaguna ba. Matasa ne suka riƙa tura waƙoƙin daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, a tashoshin mota da kasuwanni da majalisun shan shayi, har suka ƙetara zuwa Mali da sauran ƙasashe maƙwabta.

Wannan hanya ta ba shi suna, amma ba ta ba shi kuɗi ba. Waƙar da ta shiga dubban wayoyi ba ta kawo wa mai ita ko dala, wani lokaci ma sunansa kan ɓace a hanya yayin da ake sake wa fayil ɗin suna. Ribar da mawaƙi ke samu ita ce gayyatar biki da shaharar waƙar ke jawo masa.

Ba'amurken da ya bi sawun waƙa

A yankin Kidal na ƙasar Mali ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da waƙoƙin Mdou a cikin wayoyin mutane. Ya saka waƙar Tahoultine a cikin wani tarin waƙoƙi mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan wayoyin salula na Sahara. Ya ɗauki lokaci yana cigiya kafin ya gano mai waƙar, daga bisani ya zo Nijar ya same shi, ya kuma kawo masa jitar lantarki irin ta bahago, abin da ke da wuyar samu a kasuwannin ƙasar.

Daga nan aka fara sabon babi. A 2013 Sahel Sounds ya fitar da Afelan, wanda aka naɗa kai tsaye a Cintabaraden, da sautin taro da na lasifika kamar yadda ake ji a filin biki. A 2014 aka buga Anar a hukumance, shekaru 6 bayan naɗar sa. Shi wannan kamfani ne kuma ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, tare da ayyukan ƙungiyoyin Nijar irin su Les Filles de Illighadad da Etran de L'Aïr.

A 2015 Mdou ya fito a matsayin jarumin fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Ma'anar sunan shi ne ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a cikinsa. Labarin wani makaɗi ne da ke fama da adawar mahaifinsa da gasar abokan sana'a, abin da ya yi kama da rayuwarsa. Masu kallon finafinan Hausa ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin sun san yadda ake ɗauko labarin waje a yi masa kwaskwarima ya dace da al'adar gida.

Yadda ake naɗar waƙoƙin

Babbar matsalar da duk mai son naɗar kiɗan Mdou Moctar ke fuskanta ita ce, ƙarfin kiɗan a filin biki yake. A can, waƙa ɗaya kan ɗauki lokaci mai tsawo, mai ganguna na ƙara sauri gwargwadon yadda masu rawa suka zabura, lasifika na ƙara da wutar janareto. A situdiyo irin na Turai kuwa, an saba kowane makaɗi ya shiga shi kaɗai a ɗauki nasa ɓangaren, sannan a harhaɗa. Wannan tsari na iya kashe armashin irin kiɗansa.

Don haka ƙungiyar tasa ta zaɓi ta riƙa kaɗawa tare a ɗaki guda, a naɗi abu mai tsawo, daga baya a zauna a tace. Ƙungiyar ta ƙunshi mutum 4: shi kansa Mdou da jitar jagora da murya, Ahmoudou Madassane da jitar raka kiɗa, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bas, wanda shi ne ke kula da naɗa da tace sautin. Domin yin atisaye da wasa a bukukuwa tare da sauran, Coltun ya sha tasowa daga New York zuwa Yamai, sannan ya hau motar safa ta tafiyar sama da kilomita 900 zuwa Agadas.

Kundin Ilana na 2019, wanda shi ne na farko da cikakkiyar ƙungiyar ta yi a situdiyo, an naɗe shi a birnin Detroit a ƙarshen wani rangadi. A 2020 suka ƙulla yarjejeniya da Matador Records, kamfani mai zaman kansa da ke New York, wanda ya fitar da Afrique Victime a watan Mayun 2021. Shi wannan kundi a gutsure aka haɗa shi, a ɗakunan otal da gidajen haya da bayan dandamali a tsakanin wasanni, tare da wasu sautuka da aka ɗauka a Nijar. Funeral for Justice kuwa, wanda ya fito a watan Mayun 2024, cikin kwana 5 aka naɗe shi a wani gida da ke arewacin jihar New York.

A wannan mataki ne kiɗan rock na Amurka ya ƙara bayyana a salonsa. Mdou bai tashi da jin waɗannan makaɗa ba. Sai da ya girma ya kalli bidiyon Eddie Van Halen a intanet, ya ga yadda yake ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita, ya kuma ƙirƙiro tasa hanyar ta yin hakan. Turawa kan kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, amma ginshiƙin kiɗan nasa har yanzu na Agadas da Azawak ne.

Juyin mulki ya same su a hanya

Ranar 26 ga watan Yulin 2023, lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin shugaba Mohamed Bazoum, ƙungiyar na rangadi a Amurka. Rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, da takunkumin CEDEAO da ya biyo baya, sun hana ƴan Nijar 3 da ke cikinta komawa gida a kan lokaci, har sai da magoya baya suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. A cikin wannan zaman jira ne suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba. Sakamakon shi ne Tears of Injustice, wanda ya fito a farkon 2025.

Lamarin ya nuna wani rauni da ke tattare da nasarar mawaƙan Sahel a waje. Kuɗin shigarsu mafi yawa na zuwa ne daga rangadi a Turai da Amurka, wanda ya dogara da biza da tikitin jirgi da zaman lafiyar siyasa. Duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya samu tangarɗa, sana'ar kan tsaya cak.

Burin da ya wuce jita

Waƙoƙinsa na baya-bayan nan sun fi karkata ga siyasa da zamantakewa. Afrique Victime da Oh France na magana a kan mulkin mallaka da yadda ake kwashe arzikin Afirka. Ga ɗan arewacin Nijar wannan batu ne da ake gani da ido: tun 1971 ake haƙo uranium a Arlit, a baya an shafe shekaru ana sarrafa shi a tashoshin wutar lantarkin Faransa, alhali kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar. An naɗi waƙoƙin Funeral for Justice tun kafin juyin mulki da ficewar sojojin Faransa a watan Disamban 2023, abin da ya sa da dama suka ga kamar kundin ya riga labarai.

Waƙar Imouhar kuwa kira ce ga Abzinawa da su riƙe harshensu, a daidai lokacin da matasa a birane ke komawa ga Faransanci da sauran harsuna. Duk da cewa akasarin masu sayen tikitin wasanninsa a waje ba sa jin Tamashek, bai canza harshen waƙa ba. Ya kuma sha bayyana cewa yana amfani da wani ɓangare na abin da yake samu wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙarancin ruwa.

Ga matasan mawaƙa na Yamai da Damagaram da Kano da Sakkwato, darasin a fili yake. Kayan aikin da Mdou ya fara da su ba su fi waɗanda ke hannunsu a yau ba, hasali ma WhatsApp da TikTok da YouTube sun fi Bluetooth nisan zango. Tambayar da har yanzu ke gaban hukumomi irin su BNDA, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a Nijar, ita ce yadda mawaƙin da waƙarsa ta karaɗe wayoyin jama'a zai ci moriyarta a gida, ba sai ya jira wani baƙo ya tsinto ta a Kidal ba.