Wasan kwaikwayon tebur: Yadda yake koya wa matasa dogaro da juna

A Maiduguri, inda rikicin da ya ɓarke a watan Yulin 2009 ya raba iyalai da muhallansu, ya kuma sa maƙwabci ya riƙa ɗari-ɗari da maƙwabcinsa, ma'aikatan jinƙai sun daɗe suna amfani da wasanni wajen kwantar wa yara hankali. Hukumomin UNICEF da IOM sun yi hakan a sansanonin 'yan gudun hijira, kafin gwamnatin Babagana Umara Zulum ta fara rufe na cikin birnin a 2021. Akwai wani nau'in wasa da ya shahara a ƙasashen waje, wanda ya dace da irin wannan aiki, wato wasan kwaikwayon tebur.

Mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa ya zama wani jarumi a cikin labari. Jagoran wasa ya bayyana inda suke da matsalar da ta tunkaro su, su kuma su faɗi abin da za su yi. Daga nan sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sau da yawa mai fuska 20, lambar da ta fito ita ke nuna ko dabarar ta yi aiki. Mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Abin da ya bambanta shi da dara ko ludo shi ne 'yan wasa ba juna suke karawa ba. Da gangan aka tsara shi yadda kowane jarumi ke da baiwa guda da kuma rauni. Mai ƙarfi bai iya magani ba, mai magani ba ya iya kare kansa, wanda ya iya magana da baƙi kuwa bai san hanya ba. A ɗauka labarin na ayarin fatake ne da ya tashi daga Kukawa zuwa Bilma, rijiyar da suka sa rai da ita kuma suka tarar ta ƙafe. Madugu ba shi da mafita sai ya saurari jagaba. Yaron da ya saba cewa shi kaɗai zai iya, dole ya buɗe baki ya nemi taimako, mai kunya kuma ya ga cewa ayarin duka na jiran shawararsa. In an faɗi, jarumin takarda ne ya faɗi, ana iya sake gwadawa mako mai zuwa. Wannan ne ya sa ƙungiyar Game to Grow da ke Amurka ke amfani da wasan wajen koya wa matasa zama da mutane.

Tsarin ba baƙo ba ne sosai a ƙasar Hausa. A wasan kara da bukin kalankuwa, samari kan naɗa sarki da waziri da alƙali a tsakaninsu, kowa ya riƙe matsayinsa. A Najeriya ma harkar wasannin tebur ta fara kafuwa: kamfanin NIBCARD Games na Abuja ya samu lambar yabo ta Diana Jones a 2021.

Iyaye na iya tsarguwa, kuma suna da hujja. Ƙwayar da ake jefawa na tuna wa mutane caca, sai dai a nan ba a zuba kuɗi, kuma ana iya maye gurbinta da ƙuri'ar takarda. Labaran asali cike suke da bokaye da dodanni, abin da ya jawo wa wasan suka daga wasu malaman coci a Amurka a shekarun 1980. Jagora na da ikon sauya labarin zuwa na fatauci, noma ko ceton jama'a.

Taka-tsantsan mafi muhimmanci a Borno shi ne zaɓen labarin. Yaron da ya ga hari da idonsa, ko ya tsira daga ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, bai kamata a sa shi cikin labarin da zai fama masa miki ba. Wasan kuma ba magani ba ne. Wanda firgici ke hana shi barci, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri ya kamata a kai shi.