A Bar Yara Su Ƙera Abin Wasansu

Akwai wata ɗabi'a da ta ishe ni a garuruwanmu, tun daga Bodinga har Shagari. Uwa za ta miƙa wa ɗan shekara uku waya don ya yi shiru, in ya buɗe gem da kansa sai a hau yabo: "Yaron nan akwai ƙwaƙwalwa!" Wanda kuwa aka gani a ƙofar gida yana fere kara, sai a daka masa tsawa, wai ƙazanta ce da ƙauyanci. Haba jama'a!

Wace basira ce a cikin latsa waya? Masu ƙera gem sun tsara shi ne yadda kowane yaro zai iya shi nan da nan, ya kuma kasa ajiyewa, domin da daɗewarsa a kai suke samun kuɗin talla. Wani ne ya gama tunanin, yaro bi kawai yake yi.

To, dubi mai motar kara. Zai zaɓi busasshen karan dawa, ya ɓare bayansa siri-siri ya mayar da shi ƙusa, ya yayyanka totuwa daidai wa daida, ya fitar da tayoyi daga tsohon silifas. In taya ɗaya ta fi sauran girma, mota ta karkace, dole ya zauna ya gano inda matsalar take. A nan ya koyi awo, ya koyi haƙuri, ya koyi gyara. Haka yarinyar da ke ɗinka wa 'yar tsana riga da ƙyallen tela. Langa da carafke da dara kuma suna koya wa yaro bin ƙa'ida da jure kaye a gaban tsara.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban waya ko talabijin, ɗan biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. A shekarar ce kuma ta amince da sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancin wayoyin nan, a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem ɗin intanet zuwa awa uku a mako. Su da suka yi abin ke nan.

Iyaye, kaka na yi, ga karan gero da na dawa ko'ina. Ku ware musu ɗauri guda. Kada ku zubar da kwali da marafan kwalba da kwankon madara. Reza da gwangwani mai tsatsa dai babba ya riƙe, shi zai yi yankan. In yaro ya kawo abin da ya haɗa, a karɓa a duba, a tambaye shi yadda ya yi, ko da a karkace yake. A sa wa waya lokaci, ban da wajen cin abinci, ban da shimfiɗa. A san inda kuɗin tara ke zuwa, don wasu a gidan gem suke ƙarewa. Malaman firamare su ma su riƙa sa gasar ƙere-ƙere a ƙarshen zango.

Kai kuma uba, in ka dawo gida ka duƙufa kan taka wayar har barci, da wane baki za ka hana ɗanka?