Hajime da Matte: Kalmomin Japan da 'ya'yanmu ke ji a fagen judo da kareti

Duk wanda ke safara tsakanin Garwa da Yola, ko Marwa da Mubi, ko Kusiri da Injamena, ya san cewa ciniki ba ya yiwuwa sai da harshen da mai saye da mai sayarwa suka haɗu a kansa. A babbar kasuwar Garwa da ta Lahadi a Pitowa, Fillanci da Hausa ne ke ɗinke ɓarakar da Faransanci da Ingilishi suka bari, ta yadda idan wannan ya ce jaka, wancan ya ce booro, kowa ya san sefa dubu ake nufi. To, irin wannan harshe na haɗin gambiza shi ne matasanmu masu koyon judo da kareti suka samu, sai dai nasu daga ƙasar Japan ya taso.

Mutanenmu kan haɗa wasannin nan duka su kira su kareti ko faɗan 'yan Chana, saboda finafinan da muka taso muna kallo. Alhali kunfu ne na Sin, tekwando kuma na Koriya, wanda a cikinsa ne Abdulrazak Isufu Alfaga na Jamhuriyar Nijar ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2016. Na Japan su ne judo da kareti da aikido. Wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano, wanda sunansa bai da alaƙa da Kanon Dabo, shi ya kafa judo a birnin Tokiyo a 1882. Kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, inda Gichin Funakoshi ya kai shi Tokiyo a 1922. Shi kuwa aikido, Morihei Ueshiba ne ya assasa shi, ya rasu a 1969.

Sunayen kansu bayani ne. Do na nufin hanya, ju kuma sassauci, wato judo hanyar kayar da mutum da ƙarfinsa. Kara wofi ne, te kuma hannu, don haka kareti faɗa ne ba makami. Aikido hanyar daidaita ƙarfi ce, inda ake kauce wa mai kawo hari a murɗe masa gaɓa, kuma akasarin makarantunsa ba sa shirya gasa, ga shi bai yaɗu a wajenmu kamar sauran biyun ba.

Dokar wasannin nan ita ce alƙali ya ba da umarni da Japananci a duk ƙasar da ake yin su. Lokacin da Yawunde ta karɓi gasar judo ta nahiyar Afirka a 2010, da lokacin da Hélène Wezeu Dombeu ta ciyo wa Kamaru lambar azurfa a wasannin ƙungiyar Kwamanwel a Gilasgo a 2014, kalmomin da aka yi hukunci da su su ne waɗanda yaro ke ji a ɗakin horo a Garwa. Ke nan ɗan Yola mai Ingilishi da ɗan Injamena mai Larabci za su iya karawa ba tare da tafinta ba.

Ɗakin horon sunansa dojo, malamin kuma sensei. Idan alƙali ya ce hajime, a fara ke nan. Idan ya ce matte a judo, ko yame a kareti, kowa ya tsaya cak. Wannan ita ce kalmar da ya wajaba iyaye su tabbatar yaro ya haddace tun ranar farko, domin a judo ana shaƙe wuya ana kuma lanƙwasa gwiwar hannu, jinkiri kaɗan na iya jawo targaɗe ko karaya. Wanda ya ji wuya sai ya bubbuga tabarma ko jikin abokin karawarsa sau biyu ko fiye, ko ya ce maitta, wato na sallama. Har ila yau akwai ukemi, dabarar faɗuwa ba tare da kai ya bugi ƙasa ba. Duk dojon da aka fara koya wa yaro kayarwa kafin ukemi, to uba ya yi hattara da shi.

Ippon a judo tamkar kaye ne a kokawa ko kisa a dambe, da an yi shi wasa ya ƙare. Ana samun sa idan aka nana bayan mutum da ƙasa, ko aka danne shi daƙiƙa 20. Waza-ari rabinsa ne, biyu suna zama ippon. Akwai ƙaramin maki mai suna yuko, wanda aka soke a 2017 aka kuma dawo da shi a 2025. Shido gargaɗi ne, na uku kora. To sai dai a kareti lissafin daban yake: yuko maki 1, waza-ari 2, ippon 3, kuma wasa na ci gaba bayansa.

Abin sha'awa, bakin Bahaushe ya fi na Bafaranshe dacewa da kalmomin nan, domin wasulan Japananci biyar ne kamar namu, kuma suna ninka baƙi kamar yadda muke yi, irin na matte. Mai Faransanci kan haɗiye harafin farko na hajime, mu kuwa muna furta shi sarai. Ƙirgarsu ma takan ba yara dariya, ichi, ni, san, shi, tun da ni da san da shi duk kalmomi ne a Hausa.

Ga 'yan uwa masu sayar da tufafi da 'yan gwanjo, akwai riba a sanin bambancin kayan. A Kamaru mai saye zai ce maka kimono yake nema, kamar yadda Faransawa ke faɗi, duk da cewa a Japan kimono tufar gargajiya ce. Sai ka tambaye shi na wane wasa. Judogi mai kauri ne da ƙaƙƙarfan wuya saboda riƙo da finciko, fari ko shuɗi. Karategi shara-shara ne, idan aka shiga judo da shi ba zai daɗe ba zai yage, mai saye ya dawo maka da rigima. Lambar da ke jiki, kamar 150 ko 170, tsayin mutum ce a santimita. Ɗamarar sunanta obi, kuma a tsarin judo da muka gada daga Faransa ana farawa da fara, sai rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗiya, ruwan ƙasa, sannan baƙa. Matakan ƙasa ana ce musu kyu, na baƙar ɗamara kuma dan, wanda sai an ci jarrabawa ake ba da shi, ba a kan tebur ake sayen sa ba.

Saura kalmar da ta fi sa iyaye ɗari-ɗari, wato rei, sunkuyawar da ake yi a farkon horo da ƙarshensa. A wurin Japanawa gaisuwa ce ta yau da kullum, ana yin ta a tsaye ko a durƙushe, kuma ta durƙushen ce ke damun mutanenmu saboda kamarta da sujada. Shawararmu ita ce uba ya taka da kansa ya ga yadda ake yi, ya tattauna da sensei, ya kuma tuntuɓi malamansa kafin ya yanke hukunci, domin tambaya rabin ilimi ce. Wanda ya san ma'anar abin da ɗansa ke furtawa ya fi samun natsuwa, ko ya bar shi ya ci gaba ko ya cire shi. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya kuma ba mu kasuwa mai riba.