Bukkar Makiyayi Ta Koma Masaukin Masu Dukiya

A ƙasar Ingila, can ƙuryar kudu maso yamma, akwai wani lardi da a ke kira Konwal. Ƙasa ce mai tsini kamar ƙahon sa, ta kutsa cikin Tekun Atlantika, ruwa ya kewaye ta ta fuska uku, ta gabas kuwa kogin Tamar ya raba ta da lardin Devon. Tsawon gaɓarta ya fi mil 400, mutanenta kuma bisa ƙidayar 2021 sun kai wajen 570,000. A wannan lardi da maƙwabtansa wani irin ciniki ya yi ƙarfi, wanda ya isa malami ya tsaya ya yi nazari, falke kuma ya yi lissafi. Mutum mai gidan bene a Landan ya kan yi tafiyar sa'a biyar a jirgin ƙasa, ya biya kuɗi masu nauyi, domin ya kwana a bukkar katako a gefen gonar wani, inda ba ya jin kome sai kukan tumaki da rurin teku.

Asalin bukkar nan ta talaka ce. A ƙarni na 19 manoman kudancin Ingila su kan killace tumakinsu a gona, su bar su su zuba taki, sa'an nan su matsa da shingen gaba, kamar yadda manomi ke yi da shanun Fulani bayan an kawar da amfani. Lokacin haihuwar tumaki kuwa ya kan faɗo a ƙarshen hunturu, sanyi na yanka, ba dama makiyayi ya koma gida da dare. Saboda haka aka ƙera masa ɗan ɗaki na katako, tsawonsa wajen ƙafa 12, faɗinsa 6, da rufin kwano mai lanƙwasa, aka ɗora shi bisa ƙafafun ƙarfe huɗu, doki na jansa daga wannan fage zuwa wancan. A ciki akwai murhu da gadon katako, ƙarƙashin gadon kuma wurin ajiye ɗan rago mai rauni don ya ji ɗumi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da takin zamani da motar noma suka yawaita, aka kuma koma haihuwar tumaki a rumfuna, sai bukkokin suka zama abin yasarwa, waɗansu kaji suka gaje su, waɗansu suka ruɓe a bakin shinge.

Zuwa bakin teku don hutawa ma yana da nasa asali. A ƙarni na 18 likitocin Ingila suka yi ta yabon ruwan teku cewa magani ne, har Sarki George na Uku ya je garin Weymouth ya yi wanka a shekarar 1789, manya suka bi sahunsa. Konwal kuwa ta yi nisa, sai a 1859 da aka buɗe gadar jirgin ƙasa wadda injiniya Brunel ya gina bisa kogin Tamar, sa'an nan hanyar ta yi sauƙi. A 1938 majalisar Ingila ta yi dokar da ta buɗe ƙofar ba ma'aikata hutu tare da albashi, daga nan fita shan iska ya ƙara yaɗuwa a tsakanin leburori da akawuna.

Mutanen Konwal ba da saukar baƙi suka gaji ci da sha ba. Arzikinsu na dā kuza ne da jan ƙarfe da kifi. A garin Newquay har yanzu akwai wata farar bukka bisa dutse, inda mai tsaro ke zama yana duban teku, in ya hangi garken kifi ya yi kururuwa masunta su fita. A kan zuba wa kifin gishiri, a danne shi a ganguna, a kai Italiya. Garken kifin ya ja baya tun ƙarshen ƙarni na 19. Ramukan kuza kuma suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mahaƙansu suka bazu duniya neman aiki, waɗansu har tudun Jos. Rami na ƙarshe, South Crofty, an rufe shi a 1998. Da ƙasa ta ƙi, teku ya rage, abin da ya saura a hannun mutane shi ne kyan wurin kansa, shi suka shiga sayarwa.

To, bukkar yau da ta makiyayi suna kama a siffa, amma a ciki sun yi hannun riga. Ana ƙera ta da katako mai kyau, a cusa ulu ko makamancinsa tsakanin bango don tare sanyi. Akwai gado mai laushi, da wutar lantarki, da makewayi, da ruwan zafi, da ɗan madafi, da murhun itace. A waje a kan girka babban kwarmin katako wanda a ke hura wa wuta, baƙo ya shiga ruwan ɗumi ya zauna yana kallon taurari. Banda bukka mai ƙafafu akwai ɗakunan gungume, da na bisa itace, da waɗanda aka yi wa bangon gilashi ta fuskar teku. Mafi yawansu na mutum biyu ne, kuma a kan nisanta su da juna da gangan, gama rashin maƙwabci yana cikin abin da a ke biya. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da makarantu ke hutu, kuɗin dare ɗaya a mai kyau daga cikinsu ya kan wuce fam 100 nesa ba kusa ba. Sunan bukkar ya ƙara fita a 2017, sa'ad da jaridu suka ba da labari cewa David Cameron, wanda ya sauka daga shugabancin gwamnatin Birtaniya a 2016, ya sayi ɗaya a kan fam 25,000 ya girka a lambunsa don ya yi rubutu a ciki.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa manomi ya shiga wannan sana'a. Gonakin Konwal ƙanana ne, ƙasar tudu ce, iska kuma ba ta raga musu. Shekaru da yawa manomi na samun taimakon kuɗi bisa gwargwadon faɗin gonarsa. Da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai a 2020, gwamnati ta fara rage wannan taimako tun daga 2021. Manomin da ke da kusurwar gona mai kallon teku, wadda ba ta ciyar da tumaki fiye da 'yan ƙalilan, ya ga in ya girka bukka biyu ko uku a wurin za ta kawo masa abin da ulu da nama ba su kawo ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Amma fa ciniki ne mai ƙaya. Da fari sai an nemi izinin majalisar lardi, gama ƙafafun ƙarfe ba su kuɓutar da bukka daga dokar gini in za a riƙa ba da ita haya. Sa'an nan a ja ruwa da lantarki, a haƙa ramin ƙazanta, a gyara hanya. Dillalan intanet da ke kawo baƙi suna cire la'adarsu daga kowane kwana. Duk baƙon da ya tashi sai an wanke shimfiɗa, an share, an sake ruwan kwarmi kafin na gaba ya iso da la'asar. Babbar wahala kuwa ita ce kasuwar ta 'yan watanni ce. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa da iska ke mulki, bukkoki da yawa su kan kwana babu kowa, bashin banki kuma ba ya hutun hunturu. A 2020 da 2021, da annobar korona ta hana fita ƙasashen waje, mutanen Ingila suka yi cincirindo a Konwal, kuɗin haya ya hau, mutane da yawa suka ci bashi suka ƙera bukkoki. Da aka buɗe hanyoyi, masu hutu suka koma Sifen da Girka inda rana ta tabbata, masu bukkoki suka wayi gari sun yi yawa, baƙi sun ragu. Wanda ya auna jarinsa da shekarar da kasuwa ta fi ci, shi ya fi jin jiki.

Akwai kuma wata magana wadda ta fi ribar manomi nauyi, wato maganar mazaunin 'yan ƙasa. Albashi a Konwal ƙasa ya ke da na yawancin Ingila, alhali kuɗin gida a garuruwan gaɓa ya yi sama, domin masu dukiya na nesa suna saye su mai da su gidan hutu, ko su ba baƙi haya mako mako. Ɗan masunci da aka haifa a unguwa ya kan rasa ɗakin da zai yi aure a cikinta, mai share ɗakunan baƙi kuma ta kan yi tafiyar mil da yawa kullum daga inda ta iya biya. Da hunturu a kan ga layi guda na gidaje babu fitila ko ɗaya, makarantar ƙauye ta rasa yara, mai kanti ya rasa masu saye. A watan Mayu 2016 mutanen garin St Ives suka jefa ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin 100 suka yarda kada a sayar da sabon gini sai ga wanda zai zauna a ciki dindindin. Dokar ba ta shafi tsofaffin gidaje ba, mai kuɗi yana iya sayensu. Daga Afrilu 2025 kuma majalisar Konwal ta ninka harajin gida a kan wanda ya ajiye gida na biyu, gwamnati kuwa a wannan watan ta soke rangwamen haraji da masu ba da gidajen hutu haya ke samu.

A nan ne masu bukkoki ke kafa hujjarsu. Su kan ce bukkar da aka girka a gona ba ta ƙwace wa kowa gida ba, kuɗin kuma yana shiga aljihun manomin da ke zaune a ƙauyen, ya biya maƙwabciyarsa ladan wanki, ya aika baƙo wurin mai burodi da mai kifi. Hujjar tana da ƙarfi. Masu jayayya da su kuwa su kan ce kowace bukka mota ce a kan siririyar hanyar da motoci biyu ba su iya giftawa, kuma ruwa ne mai yawa a ke zubawa a kwarmi. Su ma ba su yi ƙarya ba, gama a watan Agusta 2022 fari ya sa aka hana mutanen Konwal ban ruwan lambu da tiyo, ba a ɗage hanin ba sai Satumba 2023.

Abin da mai hankali zai lura da shi, hajar da a ke sayarwa a wannan kasuwa shiru ne da duhun dare da fili marar gini. Katako da gado ana samunsu ko'ina. Haja ce kuwa wadda yawan masu sayar da ita ke ɓata ta: gona mai bukka biyu wurin hutawa ce, mai bukka arba'in ta zama unguwa, baƙon da ya gudo daga cunkoson Landan kuma ba zai biya don ya tarar da wani cunkoson ba. Saboda haka majalisar da ke ƙin ba da izini a wani wuri, ko da manomi ya ji haushinta, sau da yawa jarinsa ta ke tsarewa. Mutanen Konwal sun ga ƙarewar kifi, sun ga mutuwar ramukan kuza, sun san arziki yana da iyaka. Gaɓar teku ce ta rage musu, yadda suka raba ta tsakanin baƙo mai biya da ɗan ƙasa mai neman wurin kwana shi zai nuna ko jikokinsu za su zauna a ƙauyukan nan ko za su bar su.

Iyakar bayani ke nan. Wassalam.