Jinin da Kan Zo wa Mace Mai Shan Maganin Tsayawar Haila

Hausa tana da suna uku ga jinin mata, watau haila, da biƙi, da istihala. To, ga wani jini na huɗu ya ɓullo wanda harshen bai riga ya raɗa masa suna ba, shi ne wanda kan zo wa macen da likita ya ɗora a kan maganin tsayawar haila.

Haila takan ɗauke wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, sa'ad da sinadarin isturojin ya ragu a jiki. Daga nan sai zufan dare da zafin jiki su taso. Maganin yana mayar da isturojin ɗin, amma fa shi kaɗai yakan sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. A 1975 likitoci a Amurka suka nuna yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Saboda haka duk macen da ba a cire wa mahaifa ba, lalle ne a haɗa mata da furojesturon.

Hanyar ba da shi biyu ce. In ana shan furojesturon kwana 12 zuwa 14 kowane wata, jini zai zo bayan an gama, wannan kuwa daidai ne. In kullum ake shansa, ana sa ran jinin ya ɗauke, ko da yake ɗigo ba abin tsoro ba ne cikin wata shida na farko.

Inda ya wajaba a koma asibiti shi ne jinin ya wuce wata shida, ko ya yi yawa, ko ya zo bayan saduwa, ko ya dawo bayan ya daɗe da ɗaukewa. Likita zai tambaya ko ana tsallake ƙwaya, sa'an nan ya auna kaurin shimfiɗar da na'urar duban ɗan tayi. Jagorar likitocin Birtaniya ta 2024 ta sa iyakar a milimita 4 ga mai sha kullum, 7 ga mai sha wata-wata. In ya ɗara haka, sai a ɗebi ɗan tsoka a gwada. Galibi ba sankara ba ce, gyara yawan furojesturon ya isa.

Abin lura game da harshe shi ne, mace ta ce wa jinin nan istihala, ta tambayi malami hukuncin salla, sa'an nan hankalinta ya kwanta. Malami ya amsa nasa ɓangaren, amma amsarsa ba ta ɗauke zuwa wurin likita ba, domin sankarar mahaifa da aka gano da wuri galibi tana warkuwa.