Gandun Itatuwa a Bakin Daji: Ina Ribar Take?

KONTAGORA — Ya kamata mai zuba jari a gandun itatuwa a yankin Beri ya dubi dajin da ke maƙwabtaka da shi. Dogonyaro, wanda aka shigo da shi Borno a 1928, tsuntsaye da jemagu kan yaɗa irinsa cikin daji, ya danne ƙananan kaɗanya da ɗorawa. Hasarar kan faɗa wa mata masu sana'ar man kaɗe da daddawa.

Alhali kuwa dajin shi ne rumbun iri. Kaɗanya kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta haihu, amma idan aka yi mata aure da reshen uwa mai albarka, lokacin kan ragu ƙwarai. Cibiyar NIFOR na da tashar binciken kaɗanya a Bida. Wanda ya bar baƙon itace ya cinye daji, jarinsa ya cinye.