Ƙarfen da ke Bayan Tirela: Ado Ne ko Mai Ceton Rai?



Mu 'yan Kura da Bunkure mun saba da manyan motoci. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwa yake bin kanal yana shiga gonakinmu, ana noman rani, ana fitar da tumatir da shinkafa da albasa. Kayan nan kuwa ba a ka suke zuwa Legas ba. Idan kakar tumatir ta kama, duk wanda ya bi ta Kwanar Gafan zai ga tireloli jere a gefen titin Kano zuwa Zariya ana loda musu kwanduna. A kan wannan titin ne iyayenmu da yayyenmu suke bi a ƙananan motoci, wani lokaci da asuba, wani lokaci cikin dare, ga hazo.

A wannan makon muna so mu yi bayani a kan wani abu da muke gani kullum amma ba ma kula da shi. Idan kuka tsaya a bayan tirela za ku ga wani ƙarfe a gicciye daga ƙasa, an rataye shi da ƙafafu biyu. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka matakala ce ta yaron mota. Ashe aikinsa ya fi haka nesa.

Matsalar tsawo

Masu ƙera ƙananan motoci sun tsara gaban mota yadda zai lotse idan an yi karo. Bamba da bonet da ƙarafan da ke kewaye da inji su ne suke shanye bugun, domin ɗakin da mutane suke zaune ya tsira. Bel da jakar iska kuma suna riƙe mutum kada ya bugi sitiyari ko gilashi. Amma duk wannan tsari yana aiki ne idan gaban motar ya sami abin da zai daka.

To ga inda matsalar take. Daɓen tirela ya fi mita ɗaya tsawo daga ƙasa, bonet ɗin ƙaramar mota kamar Golf kuwa bai kai nan ba. Idan motar ta afka wa tirela ta baya, kuma babu abin da ya tare ta, gabanta zai shige ƙarƙashi salin-alin bai taɓa komai ba. Abin da zai fara haɗuwa da ƙarfen tirelar shi ne gilashin gaba da siraran ƙarafan da ke riƙe da rufi, wato daidai kan direba da na kusa da shi. Jakar iska ma tana iya ƙin buɗewa da wuri, tunda gaban motar bai ji bugu sosai ba. Shi ya sa irin wannan haɗari yake kisa ko da gudun bai kai a ce ya yi yawa ba.

Mun gwada wannan a aji, kuma kowa zai iya gwadawa. Mun ɗora kwalin ashana a kan kwalin sabulu, muka tura su da ƙarfi ƙarƙashin wani katako da muka ɗaga a kan littattafai. Kwalin sabulu ya wuce lafiya, katakon ya share na ashana. Da muka gicciya rula a ƙasan katakon muka riƙe ta gam, sai kwalin sabulu ya daki rular ya tsaya, na ashana bai kai ga katakon ba. Rular nan ita ce ƙarfen bayan tirela.

Daga ina aka samo shi?

Amurka ta fara dokar sa wannan ƙarfe a 1953, amma dokar ba ta da ƙarfi. A ranar 29 ga Yuni, 1967, wata fitacciyar 'yar fim mai suna Jayne Mansfield tana cikin mota da tsakar dare a jihar Louisiana. Tirelar da ke gabansu ta rage gudu saboda wata motar feshin maganin sauro, sai motarsu ta shige ƙarƙashinta. Manya uku da ke kujerar gaba duk suka rasu, 'ya'yanta uku da ke kujerar baya suka tsira. Har yau Amurkawa suna kiran ƙarfen da sunanta. Duk da haka sai a 1998 sabuwar doka mai tsauri ta fara aiki a can. Dokar ta ce kada ƙarfen ya wuce santimita 56 daga ƙasa, kuma sai an gwada ƙarfinsa. Kanada ta fito da wadda ta fi ta tsauri a 2007.

Shin yana aiki?

Akwai wata cibiya ta kamfanonin inshora a Amurka da ake kira IIHS. Aikinta shi ne ta sayi motoci ta riƙa haɗa su karo da gangan, da mutum-mutumi a ciki, don a ga abin da zai faru. A 2013 ta fitar da sakamakon gwajin tireloli na kamfanoni takwas. An riƙa buga musu ƙaramar mota ta baya a gudun kilomita 56 cikin awa ɗaya, ta hanyoyi uku.

Da motar ta daki tsakiyar ƙarfen da dukkan faɗinta, duka takwas ɗin sun tare ta. Da rabin gabanta ne kawai ya daka, bakwai sun tare. Amma da aka sa kashi 30 cikin ɗari na gabanta ya daki can gefen ƙarfen, guda ɗaya tak ce ta tare, ta wani kamfanin Kanada. A sauran bakwai ɗin ƙarshen ƙarfen ya lanƙwashe, motar ta shige.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ƙafafun da ke riƙe da ƙarfen suna kusa da tsakiya, gefe da gefe kuwa babu abin da ya tokare su. Kamfanin da ya ci gwajin ya matsar da ƙafafun nasa kusa da gefe. Kuma irin wannan bugun gefe yana faruwa a zahiri, domin direban da ya hango tirela kwatsam zai murɗa sitiyari ya kauce, sai gefen motarsa ya kama. Bayan an bayyana sakamakon, kamfanonin sun gyara ƙirarsu, kuma zuwa 2018 duka takwas ɗin sun ci gwaji ukun.

Ke nan ƙarfen yana ceton rai, amma da sharaɗi uku. Ya sauko ƙasa yadda zai haɗu da bambar ƙaramar mota. Ya yi kauri, a ɗaure shi sosai a jikin shasi. Ya kai har gefe, a tokare shi a can.

Akwai kuma abin da ba zai iya ba. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu yana ninkawa sau huɗu. Gwajin da muka ambata a kilomita 56 aka yi shi. Motar hayar da ke tafiya a 112 za ta daki ƙarfen da ninki huɗu na wancan, kuma ba a ƙera shi don haka ba. Sannan ƙarfen baya ba ya kare wanda ya shige ta gefen tirela lokacin da take juyawa a tsakiyar titi.

Abin da muke gani a nan

Da muka fara lura da manyan motocin da ke wucewa, mun ga iri-iri. Wasu ƙarfensu lafiya lau, da jan tef mai ƙyalli. Wasu ya lanƙwashe ya koma ciki tun wani bugu na da, ba a gyara ba. Wasu siririn bututu ne aka liƙa da walda aka shafa masa fenti. Wasu kuma, musamman tsofaffin motocin katako da tifofin yashi, babu shi sam. Idan irin wannan mota ta lalace da dare, danjarta ba ta kamawa, sai a zuba ganye a titi, wa zai hango ganye cikin hazon Janairu?

Me za mu iya yi?

Mu yara ne, ba mu da tirela. Amma a cikinmu akwai 'ya'yan direbobi, da 'ya'yan masu walda, da 'ya'yan dillalan da ke ɗaukar shatar mota. Mu gaya wa Baba ko Yaya ya zagaya bayan motarsa ya duba ƙarfen nan kafin lodi, ya goge tef da danja. Mai walda kuma idan an kawo masa gyara, ya sa ƙarfe mai kauri ya tokare gefe. Masu ƙananan motoci su bar tazara, su rage gudu cikin hazo, a ɗaura bel. Muna kuma roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an KAROTA, su riƙa leƙa bayan mota kamar yadda suke duba takardu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ga aikin da muke ba masu karatu. A wannan makon, idan kuna tafiya gida, ku ƙirga manyan motoci goma daga nesa, kada ku matsa kusa da titi. Ku rubuta nawa ne suke da ƙarfe mai kyau, nawa ne nasu ya lanƙwashe, nawa ne ba su da shi. Ku kawo wa Kulob ɗin 'Yan Jarida ranar Litinin, za mu haɗa mu liƙa a wannan allo.

Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da iyayenmu gida lafiya, amin.

Daga wakilinku na aji biyu, ƙaramar sakandare